Hoton Cikin Aisa

Salama gare ku ƴan uwa masu bibiyata. Sati uku ke nan ban rubuta komai ba, kuma na ga saƙonninku. Wata ta ce ko amarci ne ya ɓoye ni, wata ta ce in turo hoton lalle. Babu lalle. Ku daure ku karanta har ƙarshe, in kun gama duk wadda ta ga dama ta zage ni, ba zan goge ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Zulaihat, shekarata ashirin da tara, a Diffa nake zaune da mahaifiyata Ya Gaji. Asalinmu manoman tattasai ne a Boso. Shekarar da aka kai wa garin hari muka baro, Baba bai samu fitowa tare da mu ba. Na yi karatun lantarki a Damagaram, na dawo gida na shekara biyu ina gyaran wayoyin matan unguwa a kan tabarma, kafin Muhsinu ya ɗauke ni aiki.

Muhsinu injiniya ne, siriri, mai gilashin ido, ba ya son yawan magana. Ɗaki biyu ya kama a bayan kasuwar tattasai, inda in iska ta juyo sai kowa ya yi ta atishawa. Abin da yake haɗawa na'urar eko ce, wadda ake ɗora wa mai ciki a ga jariri. Tasa ƙarama ce, ba ta fi faifai ba, batirin hasken rana ke tafiyar da ita, don a kai ƙauyukan bakin Komadugu inda babu kuran, wato wutar lantarki. Sauran kayanta saye ya yi. Amma katin hoto, wato ɗan koren farantin da ke karɓar abin da na'urar ta jiyo a cikin ciki ya zana shi a gilashi, wannan shi ya zana shi da kansa, layi bayan layi, wata goma sha takwas.

Ranar da ya ɗauke ni ya aje katin a tafin hannuna ya ce, "Ni na haife shi, ba zan ga muninsa ba. Aikinki ki nemo mini laifinsa."

A nan na fara sonsa, ba zan ɓoye muku ba. Ban taɓa ganin namijin da ya roƙi mace ta nuna masa kuskurensa ba. Bayan shekara guda ya turo manyansa, aka sa rana bayan Babbar Salla.

Gwajin nawa ba shi da wuyar fahimta. Akwai hoton gwaji mai ratsi goma sha shida, daga baƙi ƙirin, yana ɗan washewa, yana ɗan washewa, har fari fat. Hoton eko duka baƙi da fari da toka-toka ne, ungozoma da bambancin waɗannan take gane ƙashi, da ruwa, da jini. To in katin yana lafiya, dole in ƙirga ratsi goma sha shida cif a gilashi. Ina girgiza shi in ƙirga, ina rage masa wuta in ƙirga. Sannan gwajin zafi. Tsohon firiji ne da ya mutu muka saka wa ƙwan lantarki huɗu a ciki, in rufe katin a nan, in zauna ina duban ma'aunin zafi yana hawa.

Ranar wata Litinin a tsakiyar Afrilu na saka kati na farko cikin goma sha biyun da za a raba wa ƙauyuka. Digiri arba'in, goma sha shida. Arba'in da uku, goma sha shida. Yana taɓa arba'in da shida na ga gefen hagu ya haɗe. Na cire gilashin idona na goge, na sake ƙirgawa da bakin biro. Goma sha biyu. Ratsi biyar masu duhu sun zama baƙi ɗaya. Hoton bai yi rawa ba, bai ɗauke ba, yana nan tsaf kamar lafiyayye. Wanda bai san adadin ba ba zai taɓa cewa wani abu ya ɓata ba.

Na buɗe firijin na bar shi ya huce, suka dawo. Na saka na biyu, na uku. Ban ci abincin rana ba. Kafin la'asar na gama duka: tara cikin goma sha biyu sun yi haka.

Na kira Muhsinu. Ya tsaya a bayana, ya duba.

"Ƙwayar da ke tura haske ce," ya ce a hankali. "Ta ainihin ba ta iso ba, kayan sun maƙale a iyaka. Na sa wata mai kama da ita."

"Ba ka faɗa mini ba."

"Takardarta ta ce tana jure zafi."

"Takardarta ƙarya take, Injiniya. Ka taɓa shiga ɗakin awon ƙauye da azahar? Rufin kwano ne. Waje ma ana arba'in da biyar, ina ga cikin akwatin roba?"

Ya jawo kujera ya zauna, ya cire gilashinsa. Ranar Alhamis mutanen ƙungiyar da ta ɗauki nauyin aikin za su zo daga Yamai su karɓi na'urorin da rapor, wato rahoton gwajin da na yi. Sau biyu ya riga ya ɗaga musu rana. Sun ce in ya sake, za su rufe aikin su tafi wata jiha.

"Zulai, in suka tafi, ƙauye goma sha biyu ba su da komai. Ba hoto mai ratsi goma sha biyu ba, babu hoton gaba ɗaya. Kin san inda uwata ta rasu."

Na sani. A bayan akori-kura, tsakanin Boso da Diffa, da tagwaye a ciki waɗanda ba wanda ya san tagwaye ne.

"Zan buga jar takarda in manna a kowace," ya ce. "Kada a yi aiki da ita daga sha biyu zuwa la'asar. In ƙwayoyin gaske sun zo in bi su ɗaya ɗaya in canza. Wata biyu kawai."

"To mu rubuta haka a rapor."

"In kika rubuta ba za su karɓa ba."

Na ɗauki jakata na fito ban yi masa sallama ba.

A gida na tarar da tsakar gida ya turnuƙe da ƙamshi. Ya Fanna, yayar mahaifiyata, ta zo haɗa turaren wutan biki. Tana zaune kan kujera ƴar tsugunno, ta naɗe lafayarta mai ruwan ƙasa a ƙugu, tana juya itacen sandal cikin narkakken sukari. Kwalaben humra a jere jikin bango. Ya Gaji tana ware atamfofi a kan tabarma. Kallo ɗaya ta yi mini.

"Me ya samu idonki?"

Na yi ƙoƙarin yi musu bayani. Na ce ratsi, na ce zafi.

"Injin ya ƙi tashi ne?" in ji Ya Gaji.

"Yana tashi, Ya."

"Hoton ba ya fitowa?"

"Yana fitowa, amma ba duka…"

"To."

Ya Fanna ta aje muciya. "Ke dai ba ki iya ganin namiji ya yi abu ki yi shiru ba. Malamin lakkol ɗin nan, na makarantar boko, da ya zo neman aurenki, gyara masa lissafi kika yi a gaban abokansa, bai sake takowa ba. Yanzu Allah ya kawo wanda ya ji ya gani, ya ɗauke ki da bokonki da bakinki, shi ma sai kin kunyata shi gaban baƙi? Shi da ya ƙera abin bai sani ba, sai ke?"

Ya Gaji ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta ci gaba da ninke atamfa ta ce, "Tun da muka baro Boso ban yi taron farin ciki a gidan nan ba sai na ƙanwarki. Ina so in ga naki da idona, Zulai. Iyakar abin da zan ce ke nan."

Da magariba saƙon Muhsinu ya shigo: "Ba zan tilasta miki ba. Amma ki yarda da ni wannan karon kawai."

Ranar Laraba da safe na sa hannu. Layin yana nan a idona har yanzu, da Faransanci: an gwada har digiri hamsin, ba a ga matsala ba. Kada wata ta ce mini laifin Ya Fanna ne ko na soyayya. Ba wanda ya riƙe mini hannu. Ni na buɗe murfin biron.

Jar takardar kuwa, sau biyu na tambaye shi. Na farko ya ce mai bugawa ba shi da jan tawada. Na biyu ya ce in an ga takardar ƙungiya za ta yi tambaya, gara ya faɗa wa ungozomomin da baki. Ban tambaya na uku ba. Ina can ina zaɓen kalar lafayar ƙawaye.

Ƙanwata Aisa tana aure a wani ƙauye gefen Tumur. Mijinta Tahir manomin tattasai ne, mutum mai sanyin hali. Shekara uku suna jira kafin ta samu ciki. Ƙauyensu na cikin goma sha biyun. Satin da na'urar ta isa ta aiko mini da saƙon murya, tana dariya har numfashinta na sarƙewa: "Ya Zulai! Na gan shi wallahi! Madam Bintu ungozoma ta nuna mini kansa, har da ɗan hannunsa ya ɗaga. Na ce mata yayata ce ta yi injin nan, ta ce ƙarya nake!" Ƙarfe tara na safe aka yi mata wannan awon. Na saurara na ji daɗi, na tura wa Muhsinu, ya maido mini da hoton zuciya.

Ranar ashirin da bakwai ga Mayu, ina wanke-wanken safe, Tahir ya kira. Ban gane muryarsa ba.

"Ya Zulai, muna hanya. Jini ne. Ku same mu asibiti."

Abin da ya faru, daga baya na haɗa shi. Kwana ɗaya kafin nan, da rana, cikin Aisa ya ɗaure tamau kamar dutse, yana ciwo, wata takwas. Tahir ya kai ta wajen Madam Bintu, ungozomar ƙauyen, wajen ƙarfe biyu. Ta ɗora na'ura, ta ga zuciyar jariri na bugawa, ta duba ko'ina ba ta ga komai ba, kuma a lokacin ko ɗigon jini bai fito waje ba. Ta ba ta magani ta ce ta kwanta ta huta, in bai lafa ba da safe a wuce Diffa. Hanyarsu ba a bin ta bayan la'asar saboda tsaro. Da a ƙarfe biyun nan aka ce su tafi, da sun iso kafin rana ta faɗi. Jinin yana can yana taruwa a bayan mabiyiya, sai da asuba ya ɓalle.

Namiji ne. Bai zo da rai ba. Don a ceci Aisa sai da aka cire mata mahaifa gaba ɗaya. Shekararta ashirin da biyu.

Muhsinu ya zo asibitin kafin a fito da ita. Da aka ce ana neman jini, shi ya fara naɗe hannun riga, nasa ya dace, aka ɗiba leda guda. Ya Fanna tana ta sa masa albarka. Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba.

Washegari na ga Madam Bintu a bakin ofishin Dokta Abdullatif, likitan da ya yi aikin. Babbar mace ce, ta kusa hamsin, farar rigarta duk ta yamutse, ta rungume na'urar a ƙirji. Na gaishe ta na ce ni ce yayar Aisa. Sai ta kama hannuna ta fashe da kuka.

"Ƴata, shekara ashirin da uku ina karɓar haihuwa. Na rantse miki da Allah na duba bayan mabiyiyar nan. Baƙi ne kawai. Yanzu likita ya buɗe hoton da na ajiye, ga jinin nan ɓaro-ɓaro, ko ɗalibi zai gani. Ya ce in ba na gani in faɗa a sallame ni kafin in kashe wata. Ko idona ne ya tafi ban sani ba?"

 Na'urar tana ajiye hoton daidai a cikinta, katin ne kawai ke ɓata abin da yake nunawa in ya yi zafi. A ɗakin likita mai sanyi komai ya dawo. Hoton da ya kamata ya wanke ta shi ne ya kama ta.

"Madam, an ce miki kada ki kunna ta da rana?"

Ta dube ni. "Wa zai ce mini? Don me?"

Na koma bayan ɗakin wanki na rubuta wa Muhsinu: "Ba ka faɗa musu ba."

Amsoshin suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya.

"Na faɗa wa wasu. Ita ba na samun layinta."

"Zulai kada ki ce komai tukuna, don Allah."

"Ƙwayoyin sun iso Kano. Sati biyu zan canza duka, ba wanda zai sake cutuwa."

"Ba korar ta za a yi ba, canjin wuri ne kawai."

 Bayan minti biyar na ƙarshe ya shigo: "Ki tuna sa hannun waye a takardar."

Na daɗe ina kallon wannan layin. Ban san ko tsoro ne ya sa shi rubutawa ba, ko gargaɗi yake mini. Har yau ban sani ba.

Na shiga wajen Aisa. Ta farfaɗo, leɓunanta fari fat, robar ƙarin ruwa a hannu. Ya Gaji na gefe tana mata fifita da murfin kwali. Ba a faɗa mata maganar mahaifar ba tukuna, jaririn kawai ta sani. Ta yafito ni na sunkuya.

"Ya Zulai, kin ce injin yana ajiye hoto ko?"

"Yana ajiyewa."

"Ki roƙa mini Ya Muhsinu ya fitar mini da na ranar nan, wanda ya ɗaga hannu. Ba su bari na ga fuskarsa ba."  "Ki yi masa godiya. Ba don ku ba da ban taɓa ganinsa ba sam."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ya Gaji na kirana ban juya ba.

Na ƙwanƙwasa ofishin likita na shiga. Madam Bintu na tsaye, yana rubuta takarda a kanta. Na ce, "Likita, ina roƙon rabin awa. Ku fito da na'urar nan waje."

"Ke wace ce?"

"A wajen da aka haɗa ta nake aiki."

Ya dube ni ta saman gilashi, ya aje biro. Ƙarfe ɗaya da rabi ne. Na ɗora ta a kan bencin siminti ƙarƙashin rumfar kwano inda masu jinya ke shanya, na buɗe hoton cikin Aisa. Ga mabiyiya, ga jinin a bayanta, toka mai duhu, faɗinsa kamar tafin hannu. Na ce kada kowa ya taɓa, su kalla kawai.

Minti goma, ba abin da ya canza. Zufa na bin bayana. Likita ya duba agogo. Minti ashirin, ya ce yana da marasa lafiya. Na ce ya ƙara mini biyar, na jawo ta bakin rumfar inda rana ke dukan siminti. Ina jin wayata tana ta rawa a jaka.

Sai gefen ya fara cinyewa. A hankali, ba ƙara, ba alama. Tokar ta yi duhu, ta yi duhu, ta haɗe da baƙin da ke kewaye da ita. Mabiyiya tana nan, kan jariri yana nan, jinin babu.

Madam Bintu ta zube a ƙasa kan gwiwoyinta. "Haka na gani! Wallahi haka na gani!"

Likita ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Da ya ɗago fuskarsa ta canza. "Guda nawa ne irin wannan a waje?"

"Goma sha ɗaya. Ina da sunan ƙauyukan da lambobin ungozomomin."

"Yanzu za ki ba ni, a kira su duka a kashe." Ya zaro waya, sannan ya tsaya. "Ba a gwada abin nan da zafi ba kafin a raba? A ƙasar nan?"

"An gwada."

"Aka ga me?"

"Aka ga wannan."

"Wa ya gwada?"

"Ni."

"Wa ya sa hannu cewa lafiya take?"

"Ni ce, likita. Tun watan Afrilu na sani."

Madam Bintu ta daina kuka, ta saki gefen zanena da ta riƙe. Ba ni take kallo ba, bayana take kallo. Na juya.

Tahir ne, da kwanon kunu a hannu da ya sayo wa Aisa. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Jiya da hannunsa ya saka ɗansa a rami. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya sunkuya ya aje kwanon a ƙasa a hankali don kada ya zube.

"Ya Zulai," ya ce, "ke za ki faɗa mata, ko ni?"

Na ce ni.

Daga rumfar zuwa ɗakin da take kwance bai fi taku arba'in ba. Yana gaba ina biye. Da muka kai ƙofa ya matsa gefe ya ɗaga mini labule. Ya Gaji ta ɗago kai, Aisa ta buɗe ido ta ga ni ce, ta yi ɗan murmushi.

"Har kin karɓo hoton?" ta ce.